Kyautar Hannun Jari Ga Kwaleji

A ƙasar Amurka attajiri ya kan ba kwaleji hannun jarinsa na kamfani, ko takardun bashin da ya ke bin Gwamnati, maimakon tsabar kuɗi. Kusan kamar hubusi ne: a ajiye asalin dukiya, a riƙa biyan malamai da abin da ta haifa. Takardar bashi tun farko an yanke abin da za ta kawo. Hannun jari kuwa, in kamfani bai ci riba ba, sai haƙuri.

Johns Hopkins, attajirin birnin Baltimore, ya rasu a 1873, ya bar dala miliyan 7 don a kafa jami'a da asibiti. Yawancin rabon jami'ar hannun jarin kamfanin jirgin ƙasa ɗaya ne, ya kuwa shawarci wakilansa kada su sayar. Aka buɗe ta a 1876. Ba a daɗe ba kamfanin ya daina biyan riba, jami'a ta shiga ƙunci. Makarantar likitocinta ba ta buɗu ba sai 1893, bayan waɗansu mata sun tara dala 500,000, bisa sharaɗin a karɓi mata kamar maza.