Kunne da Ma'auni: Abin da Yake Gaskiya Kan Turancin Baka a Tambuwal da Kebbe

Hanya biyu ake bi wajen auna Turancin bakin wanda ba da shi ya tashi ba. Ta farko ita ce hukuncin kunne, wato malami ko mai ɗaukar ma'aikata ya saurara ya ce ya yi ko bai yi ba. Ta biyu ƙidaya ce: kalma nawa mai sauraro ya rubuta daidai, gaɓa nawa mai magana ya furta a minti guda, sau nawa ya tsaya. A Tambuwal da Kebbe, inda Sakkwatanci ne harshen gida da kasuwa, akwai maganganu da ke yawo tsakanin ɗalibai da iyaye kan wannan batu, wasu da ƙanshin gaskiya, wasu kuwa ji-ta-ji-ta ce zalla.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wai duk wanda Hausa ke fitowa a Turancinsa ba a gane abin da yake faɗa. Tushen maganar gaskiya ne. Hausa ba ta bambanta sautin p da f, kuma Basakkwace, mai cewa hwari da hita inda Bakano ke cewa fari da fita, yana iya haɗe kalmomin Turanci biyu su zama ɗaya a bakinsa. Amma hukuncin da aka ɗora a kai kuskure ne. A 1995 Murray Munro da Tracey Derwing a Kanada suka sa Turawa su saurari 'yan Sin masu Turanci, su rubuta abin da suka ji, sannan su ba karin harshen maki. Sai ga maganganun da aka ce karinsu ya yi kauri an rubuta su daidai, kalma bayan kalma. Jin baƙon kari daban, rashin fahimta daban, sai dai kunne kan cakuɗa su.

Irin wannan awo ya taɓa Hausawa kai tsaye. A 1974 Brian Tiffen ya naɗi muryoyin ɗaliban jami'a 24, Hausawa da Yarbawa, ya kunna wa Turawan Ingila. A tsakaice sun fahimci kusan kashi 64 cikin 100, kuma tazarar da ke tsakanin ɗalibi da ɗalibi ta yi yawa ƙwarai. Babban abin da ya hana fahimta shi ne ɗora nauyin murya a gaɓar da ba ta dace ba, da tafiyar jimla, fiye da baƙaƙe da wasula. Wannan abin lura ne ga malamai, domin yaron da ake yi wa dariya a aji kan p da f sau da yawa ba nan ce babbar matsalarsa ba, kuma dariyar kan sa ya kama bakinsa gaba ɗaya.

Maganar cewa mai saurin baki shi ne gwani, rabinta gaskiya ce. Bincike ya sha nuna cewa makin da mutane ke bayarwa kan sakin harshe yana tafiya tare da yawan gaɓoɓi da ƙarancin tsaiko. A nan kunne da ma'auni sun yi ittifaƙi. Sai dai sauri ba ya nuna ingancin nahawu ko ma'ana.

Cewa kunnen mai ilimi ba ya son kai, ƙarya ce. A 1992 Donald Rubin a Amurka ya kunna wa ɗalibai lacca guda da muryar Ba'amurkiya, ya nuna wa wasu hoton Baturiya, wasu hoton 'yar Asiya. Waɗanda suka ga hoto na biyu suka ce sun ji baƙon kari, har fahimtarsu ta ragu, alhali muryar ɗaya ce. Don haka ɗan Kebbe ko Tambuwal da ya shiga tantancewar neman aiki yana iya rasa maki tun kafin ya buɗe baki.

Kwamfuta ma ba ta kuɓuta ba. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajoji biyar masu mayar da magana rubutu a 2020, suka samu kuskuren kusan kashi 35 cikin 100 a maganar baƙar fatar Amurka, da kashi 19 a ta farar fata. Na'ura ta fi jin irin muryoyin da aka horar da ita da su.

Saura jarrabawar baka ta WAEC, wadda wasu iyaye ke ɗauka shaida ce ta iya magana. A Najeriya tambayoyin zaɓi 60 ne, ɗalibi ba ya furta ko kalma ɗaya. Sanin sautuka take aunawa, kuma ana iya cin ta da bakin da bai saba da hira ba.

Awon da ya fi kusa da adalci yana cikin ikon kowane malami a Tambuwal ko Kebbe. Ya naɗi maganar ɗalibi a waya, ya ba mutum biyu ko uku da ba su san yaron ba su rubuta abin da suka ji, sannan ya ƙirga kalmomin da suka fito daidai.