Lissafin Keso Guda

Kafin kuɗin Turawa su shigo, da wuri kakanninmu suke ciniki a kasuwannin Kebbe da Tambuwal, kuma wuri 20,000 shi ake kira keso. Na zauna na feɗe wannan lamba, ga abin da na samu.

Da farko dai cika ce, ba mara ba. In ka yi ta raba ta biyu, sau biyar za ta yarda: 10,000, 5,000, 2,500, 1,250, 625. Daga nan sai ta ƙi. Ita kuwa 625, ai 5 ce sau 5 sau 5 sau 5. Ashe ba kome a cikin keso sai 2 da 5. Ina ganin shi ya sa ya yi wa masu ƙirga daɗi, don biyar-biyar suke jan wuri. Lambobi 30 ne suke raba shi ba saura. In an ware shi kansa aka tara sauran, 29,203 ake samu, wato sun fi shi. Irin wannan ita masana lissafi suke kira lamba mai yalwa.

Amma wajen rabon gado keso yana da gardama. Rabi da rubu'i da sumuni duk suna fita daidai, sumuni 2,500 ne. To, sulusi fa? 6,666, saura wuri 2. Sudusi ma 3,333, saura 2, domin babu 3 a cikinsa. Sai an ƙara wuri 16 ya zama 20,016, wanda 24 take rabawa, sannan kason nan biyar za su fita cif.