Kunun Yaye: Maganin Tamowa Yana Cikin Rumbu

A Bacirawa, idan damina ta kankama, yaro yakan wuni a hannun kaka ko 'yar raino. Abin da ake ɗura masa tsinkakken kunun gero ne. Ciki ya cika, jiki bai samu ba. Ta nan tamowa take shiga.

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata 6, sannan a ƙara abinci. A soya gyaɗa, a tsince ruɓaɓɓu, a daka da wake, a dama kunu mai kauri da garin zogale. Daga wata 9, a ba shi sau 3 ko 4 kullum, a kwanonsa.

Maigida, kafin ka kai gyaɗa kasuwa, ware ta yaro. Uwa, nuna wa kaka damun.