Gajimaren da ke haifar taurari: Me ya sa kaɗan ne ke zama haske?

A Kumagannam da sauran garuruwan arewacin Yobe, inda hasken lantarki bai dusashe sararin sama ba, tsofaffi na sanin lokutan shekara ta hanyar fitowar Kaza da 'Ya'yanta. A wurin masana falaki kuwa, wannan gungu jariri ne: shekarunsa kusan miliyan 100, alhali rana ta kai biliyan 4.6.

Taurari irin waɗannan ana haifarsu ne a cikin manyan gajimare na iskar haidurojin da ƙura, masu sanyin kusan digiri 260 ƙasa da sifili. Nauyin gajimaren ne ke jawo iskar ta dunƙule, har tsakiyarta ta yi zafi ta kama ci.

Tun a 1974, masana biyu, Ben Zuckerman da Neal Evans, suka nuna cewa da gajimaren na rushewa ba tare da wani cikas ba, da tarin taurarin da duniyarmu ke ciki ya riƙa haihuwa ninkin ba ninkin abin da ake gani. A zahiri, abin da yake samarwa a shekara bai wuce nauyin rana ɗaya zuwa biyu ba.

Gano dalili ya yi wuya domin ƙura na rufe wuraren haihuwar, kamar yadda hazon hunturu ke ɓoye gari. Saboda haka aka koma ga na'urar ALMA mai faifai 66 a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, wadda ke kama siginar iskar kabon monoksaid da ke ratsa ƙurar. Shirin PHANGS ya yi amfani da ita ya zana taswirar gajimare kusan 100,000 a tarin taurari 90 da ke maƙwabtaka da namu, aka bayyana sakamakon a 2021.

Binciken ya nuna gajimare ba ya daɗewa: shekara miliyan 10 zuwa 30 ne, kuma ƙasa da kashi 10 cikin 100 na iskarsa ke zama taurari. Manyan taurarin da aka fara haifa su ne ke tarwatsa mahaifarsu da zafin haskensu da guguwar da suke fesowa, tun kafin su fashe.

Wannan tsimi alheri ne. Da iskar ta ƙare da wuri, da ba a samu abin da za a gina rana da duniya ba.

A Afirka, Ghana ta ƙaddamar da na'urar rediyonta ta Kuntunse a 2017, Afirka ta Kudu kuma na ɗaukar nauyin wani ɓangare na shirin SKA. Najeriya na da cibiyar binciken sararin samaniya a Nsukka, kuma bayanan PHANGS a buɗe suke kyauta ga duk ɗalibin Damaturu ko Gashua da ke da kwamfuta da intanet.