Doki Abokin Jinyar Yaro Mai Shan Inna

A ƙasarmu doki abin sarauta ne da na hawan salla, amma a ƙasashen Turai an daɗe da ba shi wani aiki dabam, watau taimakon yaran da ciwo ya daɗe a jikinsu, tun ba waɗanda inna ta shanye wa ƙafafu ba. Ga yadda abin ya samo asali.

An yi wata mace a ƙasar Danmak, ana ce da ita Lis Hartel, gwanar hawa ce ƙwarai. Cikin 1944 shan inna ya kama ta, tana da shekara 23, ga ta kuma da juna biyu. Ƙafafunta suka shanye daga gwiwa zuwa ƙasa. Likitoci suka ce ta haƙura da doki, ita kuwa ta ƙi. Sai an ɗora ta bisa sirdi, sai an sauko da ita, amma duk da haka cikin 1952, a wasannin Olamfik na birnin Helsinki, ta zo ta biyu wajen gwanintar sarrafa doki, bisa goɗiyarta Jubilee. Ta kuma maimaita cikin 1956.

Da masu aikin asibiti suka ga haka, sai suka ce, ashe abin da ya amfani babba ya amfani yaro. Aka shiga ɗora yara masu shan inna bisa ƙananan dawaki masu sanyin hali, har cikin 1969 aka kafa ƙungiya musamman a Ingila domin wannan aiki.

To, mene ne asirin? Sa'ad da doki ke takawa, yakan motsa ƙugun mahayinsa gaba da baya, dama da hagu, kusan yadda ƙugun mutum ke motsi in yana tafiya da ƙafarsa. Yaron da bai taɓa takawa ba, sai jikinsa ya ɗanɗani tafiya. Tilas kuma ya riƙa tsai da bayansa don kada ya zame, da haka ƙarfi ke shigarsa sannu a hankali. Ɗumin jikin dokin kuwa yana sassauta gaɓoɓin da suka sandare.

Akwai kuma amfanin zuci, wanda bai gaza na jiki ba. Yaron da ya saba kowa na dubansa daga bisa da idon tausayi, ran da ya hau, shi ke duban mutane daga bisa. Ya ja linzami, dabba mai ƙarfi ta bi umurninsa. Doki bai san gori ba, wanda ya ba shi dusa, ya shafa masa wuya, shi ne nasa.

Amma a lura, doki ba ya warkar da shan inna, kuma ba a ɗora yaro sai da yardar likita, da mai jan akala, da masu riƙo a gefe. Rigakafi ya fi magani. Cikin 2020 aka tabbatar an kau da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka, bayan an ga ta ƙarshe a Barno cikin 2016, amma har yanzu wajibi ne a kai kowane jariri a ɗiga masa maganin rigakafi.

Saura waɗanda ciwon ya riga ya taɓa. Malamai, in akwai irinsu a ajinku, kada a bar su gindin bishiya suna gadin takalman 'yan'uwansu. A nema musu abin da su ma za su riƙe linzaminsa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.