In Mace Ce Jarumar Fim, Me Ya Sa Surutu Ke Yawa?

Matashin da ke zaune a Sabo, Mokola, a Ibadan, ba ya rasa hanyar ganin sabon fim. In yana da kuɗin tikiti, ga sinima a Samonda, ga wata a Dugbe. In babu, wayarsa ta wadatar. Sai dai kafin ya kalla, yawanci hukunci ya riga ya iso masa daga Facebook ko TikTok: wannan ya yi, wancan shirme ne. Hukuncin ya fi zafi idan mace ce ke jan fim ɗin, ita ke dukan miyagu, ita ke ceton gari. To, ya kamata mu san yadda ake dafa irin wannan hukunci kafin mu haɗiye shi.

A watan Maris na 2019 kamfanin Marvel ya saki Captain Marvel, fim ɗinsa na farko da mace ta ja ita kaɗai. Tun a 2018 jarumar, Brie Larson, ta yi ƙorafin cewa masu sharhin finafinai a Amurka yawancinsu maza ne farar fata. Maganar ta ɓata wa wasu rai. Sai suka yi gangami zuwa shafin Rotten Tomatoes, inda 'yan kallo ke ba finafinai maki, suka cika shi da zagi alhali fim ɗin bai ma fito ba. Abin ya kai masu shafin suka hana rubuta sharhi a kan fim kafin ranar fitowarsa. Da fim ɗin ya shiga kasuwa kuwa, ya tara sama da dala biliyan 1. Masu ihu daban, masu sayen tikiti daban.

Amma kada a ce duk mai suka maƙiyin mata ne. The Marvels na 2023, wanda mata uku suka ja, har da wadda ta fito a matsayin yarinya Musulma, Kamala Khan, ya tsaya a kusan dala miliyan 200. Mutane ba su je ba, shi ke nan. A Najeriya kuma Wakanda Forever na 2022, wanda Letitia Wright ta ja, ya haura naira biliyan 1 a gidajen sinima.

Namu misalin ya fi kusa da zuciya. A watan Nuwamba na 2021 Netflix ya saki Amina, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, Lucy Ameh ta fito a Sarauniya Amina ta Zazzau, Ali Nuhu ma yana ciki. Hausawa sun yi ca a kansa. Amma a duba abin da suka yi ƙorafi a kai. Ba riƙe takobin da mace ta yi ne ya dame su ba, don kowane ɗan firamare ya san 'yar Bakwa Turunku mayaƙiya ce, kuma har yau akan jingina tsofaffin ganuwoyi da sunanta. Abin da ya dame su shi ne an ɗauki labarin Zazzau an yi shi da Turanci, sutura da al'adun fada ba su yi kama da namu ba, an kuma cusa abubuwan da tarihi bai san da su ba. Wannan suka ce ta wanda ya kalla kuma ya san abinsa. A ganina tana da daraja, ko da fim ɗin ya lashe kyautar gwarzon fim a bikin AMVCA na 2022. Kyauta ba ta wanke kuskuren tarihi.

Mu da muke zaune a Ibadan ma ba baƙi ne ga wannan muhawara ba. Maƙwabtanmu Yarabawa sun daɗe suna jayayya kan Efunsetan Aniwura, Iyalode (shugabar mata) ta Ibadan da aka kashe a 1874, wadda wasan kwaikwayon Akinwumi Isola ya nuna a matsayin azzaluma, wasu kuma ke cewa an yi mata ƙazafi. Can a Nijar ga Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransa a 1899. Fim ɗin da Med Hondo ya yi a kanta ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987, amma matasanmu nawa ne suka taɓa jin sunan fim ɗin? Abin kunya ne a ce yaro ya haddace asalin Wonder Woman bai san wannan ba.

Saboda haka, ɗan'uwa mai kallo, in ka ga an yi wa fim rubdugu a intanet, fara tambaya: masu zagin sun kalla kuwa? Me suka ce ya lalace, labari ne, harshe ne, ko dai ganin mace a gaba ne kawai ya tsone musu ido? In fim ɗin ya dace da tarbiyyar gidanku, kalle shi da idonka, sannan ka faɗi naka.