Dannau: Abin Da Ke Danne Mutum Cikin Barci

'Yan'uwana mata, yau zancenmu a kan dannau ne. Mace ta farka da dare, tana ganin rufin ɗaki sarai, amma hannu da ƙafa sun ƙi motsi, murya ta ƙi fita, ƙirji kamar an aza masa dutsen niƙa. Wata har ta ga inuwa tsaye a bakin ƙofa.

To, ga yadda abin ya ke. A 1953 waɗansu masana biyu a Jami'ar Shikago ta Amurka, Aserinsky da Kleitman, suka gano wani mataki na barci wanda idanu ke yawo a cikinsa, watau lokacin yawancin mafarki. A lokacin nan ƙwaƙwalwa kan sassauta gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da ya ke mafarki. In hankali ya riga jiki farkawa, shi ne dannau. Numfashi bai tsaya ba, abin kuwa ba ya wuce 'yan mintoci. Wani bincike na 2011 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 sun taɓa yinsa, ɗalibai kuwa 28 cikin 100.

Abin da ya fi jawo shi: ƙarancin barci, da kwanciya rigingine, da damuwa, da firgita. Ku tuna da ƙasar Batsari da Safana, gab da dajin Rugu. A Fabrairun 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Macen da ta yi watanni tana kwana da kunne ɗaya a buɗe, goyo a baya, ina mamaki in dannau ya same ta? Kada a ce mata tsoro ne ya yi mata yawa. Kada kuma a ɗora wa wata tsohuwa maita, a raba zumunci a banza.

Ke 'yar makaranta, karatun dare da shayi mai kauri gab da jarrabawa ƙofa ce gare shi. Haka goro da dare, ku iyayenmu. A kwanta da wuri, a gefe ɗaya. In ya zo, ki yi ƙoƙarin motsa ɗan yatsa, ki ja numfashi sannu. Wadda ke kusa ta taɓa ki, ta kira sunanki, sau da yawa sai ya sake ki. Amma in yana yawan dawowa, ko barci na kwashe ki da rana tsaka kina cikin aiki, lalle ki je asibiti ki gaya wa likita.